Wacce ce bakandamiyar Jimi Hendrix?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Damagaram, ina ɗan taɓa jita. Ranar 18 ga Satumba, ranar da Jimi Hendrix ya bar duniya, muka zauna a fada muna shan shayi muna sauraren waƙoƙinsa, sai gardama ta kaure. Ɗaya ya ce Purple Haze ce ta fi, ɗaya ya rantse Voodoo Child ce, ni kuma na kafe a kan Little Wing har aka ce ni mai son waƙar mata ne. Wani ya kawo All Along the Watchtower, aka taso masa wai ai ba tasa ba ce. Don Allah ka raba mana gardama. Sannan me ya sa Turawa ke yawan laƙaba wa makaɗanmu na Agadas sunansa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sai da na yi dariya da na zo wurin "waƙar mata", don ni ma an jefe ni da wannan magana shekarun baya, kuma a kan waƙar nan dai. Abin da kuke nema, in muka faɗe shi da bakinmu, shi ne bakandamiyar mutumin. To amma a al'adarmu mai waƙa ne ke ware bakandamiyarsa. Narambaɗa da bakinsa ya raɗa wa tasa suna. Shata ma haka, ya yi shekara da shekaru yana rera tasa yana ƙara mata 'ya'ya. Hendrix, makaɗin jitar nan Ba'amurke, bai samu wannan sarari ba. Ya sauka Landan a watan Satumba na 1966 ba wanda ya san shi, ya mutu a Landan ɗin a watan Satumba na 1970 yana da shekara 27. Shekara huɗu ke nan cif. A cikinsu ya fitar da faifai uku na situdiyo da ɗaya na wasan dandali, ya tafi bai ce wa kowa "ga wadda na fi so a tuna ni da ita" ba. Shi ya sa har yau ba a rufe wannan gardama ba, kuma ni ma ba rufe ta zan yi ba. Zan dai gaya maka inda na tsaya, da dalilina.

Kafin a san shi

Dole mu ɗan koma baya, domin wanda bai san inda hannunsa ya goge ba zai ɗauka daga sama ya faɗo da hayaniya. An haife shi a Seattle, can arewa maso yammacin Amurka, ranar 27 ga Nuwamba 1942, a gidan talakawa baƙaƙen fata. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara 15. Ya shiga soja a 1961, rundunar masu dira da laima, bai daɗe ba aka sallame shi. Abin da ya tsira da shi daga bariki shi ne abota da wani mai kaɗa jitar bes (jitar nan mai kaurin murya), Billy Cox, wanda za mu sake haɗuwa da shi a gaba. Daga nan sai yawon kiɗa a gidajen rawa na baƙaƙe a jihohin kudu na ƙasar Amurka, yana bayan manya irin su Little Richard da Isley Brothers. Wato ɗan amshi ne, yaron gida, wanda aikinsa ya riƙe kiɗa daidai kada ya yi wa maigida shisshigi. Shi kuwa shisshigin ne ke cikin jininsa, don haka bai cika daɗewa a hannun kowa ba.

Wannan zamanin bauta shi ne abin da yawancin masu kwaikwayonsa ba su da shi. Suna ɗaukar ihun jitar su bar riƙon kiɗan da ke ƙarƙashi. Ka riƙe wannan, za ta yi mana amfani in mun zo kan waƙarka.

Chas Chandler, tsohon mai bes na ƙungiyar Animals, shi ya gan shi a wani ƙaramin gidan rawa a Niyok ya ɗauko shi zuwa Ingila, ya haɗa shi da Turawa biyu, Noel Redding a bes da Mitch Mitchell a ganguna. Kafin shekara ta zagayo sun yi Hey Joe, sun yi Purple Haze, sun yi The Wind Cries Mary, duk sun shiga goman farko a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Ingila. Ƙasarsa ta haihuwa kuwa ba ta waiwaye shi ba sai a watan Yuni na 1967, a bikin Monterey, ranar da ya durƙusa ya banka wa jitarsa wuta a gaban jama'a.

Abokanka ba tambaya ɗaya suke amsawa ba

Ga inda na ga gardamarku ta cije. Mai Purple Haze yana maganar waƙar da ta buɗe ƙofa. Mai Voodoo Child yana maganar ƙarfin hannu. Kai kana maganar tsarin waƙa. Mai Watchtower yana maganar aikin situdiyo. Kowa ya hau nasa dokin, kuma ba fili ɗaya kuke sukuwa ba.

Purple Haze ba zan daɗe a kanta ba. Ta fito a watan Maris na 1967, ta kai ta uku a Ingila. Tana farawa da murya biyu da ba sa jituwa, ɗaya a jita ɗaya a bes, suna gugar juna kamar kishiyoyi a tsakar gida, kuma da gangan aka yi haka. A cikinta ya yi amfani da wata na'ura da wani injiniya, Roger Mayer, ya ƙera masa, mai ninka sautin tsirkiya zuwa sama. Wanda ya ji ta a 1967 ya ji abin da kunne bai taɓa ji ba, wannan gaskiya ne. Amma yau da dubban makaɗa suka kwashi wannan salo suka yi ta yayi, abin da ya rage mata shi ne girman tarihi. Ina girmama ta kamar yadda ake girmama dattijon da ya sari unguwa. Ban cika neman ta ba in ina ni kaɗai da dare.

Voodoo Child kuwa, a fara tambayar abokinka wacce yake nufi, don biyu ne a faifan Electric Ladyland na 1968. Akwai doguwa mai kusan minti 15, kiɗan buluz ne a hankali, da Steve Winwood a ogan, abin kiɗan Turawan nan mai maɓallai. Akwai gajeruwa mai kusan minti biyar da aka ɗauka washegari, wadda ke rufe faifan, ita ce kowa ya sani. Farkonta da ke yin kamar jita na tauna magana, aikin wani abin takawa ne da ake kira wah-wah (a kula, ba wawa na ce ba), wanda ke buɗe sauti ya rufe gwargwadon yadda ka danna ƙafa. Ita ce kaɗai waƙarsa da ta kai ta ɗaya a Ingila, shi ma bayan ya mutu, a watan Nuwamba na 1970. In ana maganar jarumta, kirarin maza, shigar ɗan dambe fili, to abokinka bai yi ƙarya ba. Waƙa ce ta buga ƙirji. Inda nake rage mata maki shi ne kusan a wuri guda take tsaye daga farko har ƙarshe. Wuta ce ke ci, tana ci da kyau, amma ba ta tafiya ko'ina.

"Ai ba tasa ba ce"

Wannan hujja ba ta karɓu a wurina ba, kuma Bahaushe ya fi kowa sanin dalili. Sau nawa makaɗi ke ɗaukar tsohon take da ya gada, ya juya shi har a manta da wanda ya fara? Mawaƙin Amurka Bob Dylan ne ya rubuta All Along the Watchtower, ya fitar da ita a ƙarshen 1967 da jitar katako da ɗan abin busa, a sanyaye. Cikin 'yan makonni Hendrix ya shiga situdiyon Olympic a Landan, a watan Janairu na 1968, ya fara ɗaukar tasa. Mai bes ɗinsa ya yi fushi ya fice, shi ya ɗauki bes ɗin ya kaɗa da kansa. Ya yi watanni yana komawa kanta a Niyok, yana gogewa yana ƙarawa. Ka saurari tsakiyarta da kyau, inda murya ta yi shiru. Jitar tana shiga kashi-kashi, kowane kashi da irin muryarsa: ɗaya a miƙe, ɗaya yana zamewa kamar an ja ƙarfe a kan tsirkiya, ɗaya da abin takawar nan, na ƙarshe bugu ne na riƙon kiɗa. Mutum ɗaya ne, amma sai ka ce makaɗa huɗu ne ke miƙa wa juna magana. Ita ce waƙarsa da ta fi nisa a Amurka, ta kai ta 20. Dylan da kansa daga baya ya koma yana rera ta a dandali kusa da yadda Hendrix ya mayar da ita. In mai kaya ya sallama, ban ga abin da ɗan kallo zai riƙe ba.

In da tambayar ita ce wanne faifai ne aka fi ƙwarewa wajen ginawa a situdiyo, da na ba abokin nan naku gaskiya na tashi.

Waƙarka

Yanzu bari in zauna sosai, don nan ne na fi sani. Na yi shekaru ina koya wa matasa jita, kuma na lura da abu guda: yaro mai ƙwazo yana iya kama farkon Purple Haze a yini ɗaya, ya kama na Voodoo Child a mako in yana da abin takawa. Little Wing kuwa na ga wanda ya shekara a kan daƙiƙa talatin na farkonta bai fito da ita ba. Ba sauri gare ta ba. Wahalarta ita ce hannu ɗaya ke aikin mutum uku. Babban yatsa yana zagayowa ta bayan wuyan jita ya danne tsirkiyar ƙasa, yana yin aikin bes. Sauran yatsu suna riƙe da gangar jikin kiɗan. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi kuma suna ɗan fizgo ado, su sake, su koma, kamar mai ɗinkin hula yana cika gida-gida. Duk wannan ba ya tsayawa, kuma ba ya maimaita kansa daidai sau biyu. Salon nan ya samo shi ne daga kiɗan baƙaƙen Amurka mai taushi, musamman hannun mawaƙi mai jita Curtis Mayfield, a shekarun nan da ya yi yana bayan manya. Ka ga amfanin bautar da na ce ka riƙe.

Akwai wani ɗalibina da ya zo min da ita ya haddace tsaf daga bidiyo, ko ɗigo bai bari ba. Na saurara har ƙarshe na ce masa bai iya ba tukuna. Ransa ya ɓaci. Na karɓi jitar na kaɗa masa sau biyu, kowane karo daban, na ce duka biyun ita ce. Wanda ya haddace ta ya kama gawarta ne kawai. Sai ka san gidajen da take bi, sannan ka yi yawonka a ciki. Ya ɗauki wata shida kafin ya daina jin haushina.

Wani abin kuma, in za ka bi faifan da jitarka, ka sassauta duk tsirkiyoyin shida da rabin mataki, don haka ya ɗaure tasa. Da yawa suna fama su ga ba ta hau ba, su zaci kunnensu ne.

Waƙar tana faifan Axis: Bold as Love na ƙarshen 1967, kuma ba ta kai minti biyu da rabi ba. Jitar na fara tashi sama ke nan sai a janye sautin a hankali, waƙa ta ƙare. Wannan ne aibinta a wurin wasu, ni kuma a wurina shi ne rabin daɗinta. Masu cewa waƙar mata ce, ka miƙa musu jita ka ce bismilla.

Saboda haka in ana nufin waƙa a matsayin abin da aka tsara, mai kai da ƙafa, wadda wani zai ɗauka ya rera ta tsaya da kanta, kai ne da gaskiya a fadarku. Amma ba ita na zaɓa ba.

Wadda ba wanda ya ambata a cikinku

Bakandamiya ba ita ce waƙar da ta fi daɗi ba. Ita ce wadda mai ita ya zuba duk abin da yake da shi a ciki, har ka ji ba sauran abin da ya ɓoye. Da wannan ma'auni, ni a wurina Machine Gun ce, wato bindiga mai aman harsashi.

Yadda aka yi ta ma abin mamaki ne. Tun 1965, lokacin yana cikin fatara, ya sa hannu a wata takardar yarjejeniya da wani mai situdiyo a kan dala ɗaya da ɗan kaso kaɗan. Da ya yi suna sai takardar ta biyo shi kotu, aka sasanta a kan zai ba da faifai guda. Don biyan wannan bashi ne ya haɗa sabuwar ƙungiya, Band of Gypsys, shi da abokinsa na soja Billy Cox da Buddy Miles a ganguna, su uku duka baƙaƙe. Suka yi wasa huɗu a dare biyu a zauren Fillmore East na Niyok, daren 31 ga Disamba 1969 da na 1 ga Janairu 1970. Machine Gun da ke faifan daga daren na biyu take, minti 12 da 'yan kai.

Ka tuna halin da ake ciki. Yaƙin Biyetnam na cin samarin Amurka, an kashe jagoran neman 'yancin baƙaƙe Martin Luther King a 1968, biranen baƙaƙe sun sha tarzoma. Kafin Hendrix ya fara waƙar sai ya sadaukar da ita ga masu faɗa a biranen Amurka, ya ambaci Chicago da Milwaukee da Niyok, sannan ya ƙara da sojojin Biyetnam, kamar wanda ya tuna daga baya. Tsohon soja ne ke magana, kuma bai zagi soja ba. Sai jita ta fara yin ƙarar harbi, ya danne tsirkiyoyi yana karta, Buddy Miles na amsa masa da ƙaramar ganga, tatatata. Bes na tafiya a ƙasa a hankali kamar masu ɗauke da makara. Wajen minti na huɗu sai ya kama murya ɗaya tak ya riƙe ta, ya ƙi saki, tana rawa tana kuka. Na ji wannan wuri ya fi sau ɗari, har yau tsigar jikina na tashi. Daga nan abin da ke biyowa ba a kiransa ado. Jiniya ce, jirgi ne ke sauka, bam ne, kururuwar mace ce, duk daga katako guda da tsirkiya shida da lasifika da aka ƙure.

Mu da muka tashi muna jin kalangu na kiran sunan mutum, goge na kuka har a share hawaye, ba baƙon abu ba ne a wurinmu a ce abin kiɗa ya yi magana. Abin da Hendrix ya yi shi ne ya ɗauki ƙugin nan da lasifika ke yi in jita ta matso kusa da ita, wanda kowane mai haɗa sauti ke gudu kamar annoba, ya horar da shi ya zama harshe. A babban bikin kiɗa na Woodstock, safiyar Litinin 18 ga Agusta 1969, bayan yawancin jama'a sun watse, ya gwada haka a kan taken ƙasar Amurka, kuma wancan ya fi suna. Amma na Woodstock minti kaɗan ne, kuma kan taken da kowa ya sani ya hau. A Machine Gun ba abin da ya jingina da shi. Masu kallo a daren sun ce kusan a tsaye ya yi ta wuri guda, ba kaɗawa da haƙori, ba jefa jita bayan wuya.

Sai dai in faɗa maka iyakata. Ban taɓa ganinsa da idona ba, faifai da bidiyo ne shaidata. Kunnena kuma na mai jita ne, hannu nake bi kafin kalma. Wanda baitoci suka fi damunsa zai iya kawo maka The Wind Cries Mary ko Castles Made of Sand, kuma ba zan ce ya ɓata ba. Machine Gun ba ta shiga rai a ji na farko, ba kuma a jin ta a lasifikar waya ana hira. Matata ta ce hayaniyar injin niƙa ce, mun shekara ashirin ba mu daidaita a kan wannan ba.

Tunda na ambaci Castles Made of Sand: za ka ji ana cewa a garin Essaouira na Maroko ya yi ta, da ya ga wani kango a bakin teku. Ya je Maroko, gaskiya ne, amma a 1969, ita kuwa waƙar ta fito tun 1967. Labarin masu jan 'yan yawon buɗe ido ne.

Batun Agadas

Rabin maganar gaskiya ce, rabi kuma lalacin 'yan jarida. Bombino, ɗan Agadas, ya sha faɗa cewa lokacin da suke gudun hijira yana yaro, shi da abokansa sun yi ta kallon bidiyon Hendrix da na mai jitar Birtaniya Mark Knopfler suna kwaikwayo. Nan akwai jijiya ta gaske. Mdou Moctar kuwa bahago ne kamar Hendrix, yana riƙe da jita ƙirar Stratocaster kamar shi, yana ƙure lasifika, don haka Bature na ganinsa sai ya ce ga Hendrix na Sahara. Amma shi wanda ya sa shi sha'awar jita Abdallah Oumbadougou ne, makaɗin Buzayen Nijar. Mdou jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, faifansa na farko kuma a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da muryar nan ta kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ka saurari yadda ganga ke gudu a ƙarƙashin kiɗansa, tana ƙara sauri har ƙarshe. Wannan daga kaɗe-kaɗen Buzaye na takamba da tende ya fito, ba daga Seattle ba. Wanda bai san waɗannan ba, sunan da ya sani yake kamawa ya liƙa.

Ko bahagwancin ma ba iri ɗaya ba ne. Hendrix jitar na-dama yake ɗauka ya kifa ta ya sake jera tsirkiyoyin, shi ya sa maɓallan sauti da sandar lanƙwasa murya suke komawa sama, kusa da hannunsa. Wannan ya taimaka wajen irin kukan da kake ji a Machine Gun.

Kun yi kyau da kuka tuna shi. In kun sake zama, a faɗa wa ƙananan cikinku yadda ya ƙare ba tare da an yi masa kwalliya ba: ya sha ƙwayoyin barci fiye da kima, amai ya shaƙe shi, a wani masauki a unguwar Notting Hill, makonni kaɗan bayan bikin buɗe situdiyonsa na Electric Lady da ya kashe dukiya yana ginawa. Na ga yara masu hannu da suka zaci ƙwaya ce ta ba shi kiɗan. Mutumin da aka ce da jita yake kwana tun yana soja, ba ƙwaya ce ta koya masa ba.

Ranar da za ku saurari Machine Gun, ku nemo lasifika mai ɗaukar bes, ku bari sai an sha shayi na uku an kife kofuna, kowa ya ajiye waya. Mai Voodoo Child ɗin nan shi nake so ka zaunar kusa da lasifikar. Ka rubuto min abin da ya ce bayan minti na huɗu.